Kwalbar Fanko

Alhamis, 8 ga Mayu, 4:40 na yamma

Sakamako ya fito. Ina zaune a dakalin bayan lab ina rubuta wannan, don in na shiga napep yanzu zan iya wuce Rigasa ban sani ba.

Wata huɗu ina kan furojet ɗin nan na shekarar ƙarshe, auna dalma a cikin zoɓo da kunun ayar da ake sayarwa a Babbar Kasuwa. Kwalba goma sha biyu, kowacce da lambarta. Sai ta goma sha uku, wadda Malam Bawa mai kula da lab yake kira fanko. Ita ba a zuba mata zoɓo ko kunu, sai tataccen ruwa da ɗan asid. Aikinta ɗaya ne a duniya, ta nuna sifili, don a tabbatar abin da aka gani a sauran kwalaben daga zoɓon ya fito, ba daga hannunmu ba.

Zoɓon mutane lafiyarsa ƙalau. Kunun aya ma haka. Fanko ce ta tashi sama, ta fi duka goma sha biyun a haɗe.

Dakta Ismail, mai duba furojet ɗina, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Maijidda, in muka cire fanko daga sauran kamar yadda ƙa'ida ta ce, zoɓonki yana da dalma ƙasa da sifili. Barka, kin gano zoɓon da yake cinye ƙarfe." 'Yan ajinmu suka kwashe da dariya. Ni ma na buɗe haƙora.

Ba zan rubuta lambar a nan ba.

Alhamis, bayan magariba

Kwalbar ce ba a wanke da kyau ba. Haka Dakta ya ce, kuma shi ne mai digiri uku.

Juma'a, 9 ga Mayu, 6:15 na safe

Ban sha ruwa ba tun jiya da rana. Ba wani dalili, ba na jin ƙishirwa ne kawai.

Tagar ɗakina tana kallon rijiya. Ana sallame sallar asuba murfin ƙarfen yake fara ƙara, sai guga, sai bokiti, sai muryar Iya Talatu mai koko tana rantsuwa ita ta riga kowa zuwa. Shekara tara ke nan. Baba ya haƙa ta wata uku bayan rasuwar Inna, ya fasa katanga ya yi mata ƙofa ta waje don kowa ya ɗiba kyauta. Ba mai kiran layinmu da sunansa na gwamnati, Layin Rijiyar Harira ake cewa, da sunan Inna, har masu napep. Kuma duk wadda ta cika bokiti, kafin ta ɗora a ka sai ta ce, "Allah ya kai lada kabarin Harira."

Da ina jin daɗin abin, sai in ji kamar Inna tana nan tana amsa gaisuwa. Yau na ƙirga goma sha tara, sannan na danne kaina da filo.

Asabar, 10 ga Mayu, 2:00 na rana

To, bari in faɗa wa takarda, tunda ita ba ta da baki.

Ranar Talatar da muka haɗa kwalabe, na'urar tace ruwa ta makaranta ta mutu. Ta saba. Jami'armu ɗin ma duk ɗalibanta ba su cika filin ƙwallo ba, komai guda ɗaya ne, in ya mutu sai a yi zaman makoki. Mu tara muke raba jarkar tataccen ruwa ta ƙarshe. Na gama goma sha biyun, na zo kan fanko, jarka ta ƙare. Malam Bawa ya tafi jana'izar maƙwabcinsa a Kurmin Mashi da makullin sito a aljihu, kuma ƙarfe biyu za a rufe karɓar kwalabe. Ranar Alhamis kaɗai ake kunna babban janareta saboda na'urar auna ƙarfe, wanda bai kawo nasa ba sai ya koma ƙarshen layi.

Na duba jakata, ga gorar ruwan shana da na ciko daga gida. Na ɗaga ta a haske. Garau. Na ce a raina, ruwan Inna ne fa, me zai kasance a ciki?

Shekara huɗu ina karatun kemistiri, kuma na auna ruwa da ido.

Lahadi, 11 ga Mayu, 11:00 na safe

Taku goma sha ɗaya. Na sake aunawa ko zai ƙaru, sai ya koma goma.

Daga bakin rijiya ke nan zuwa ramin da ke bayan rumfar Baba. Sana'arsa batir ce tun kafin a haife ni. Mai sauran rai ya gyara shi, mataccen kuma ya fasa da gatari, ya tsiyaye ruwan cikin a ramin nan, ya narka dalmar a kasko, 'yan Panteka, kasuwar ƙarafa, su zo su saya. Ƙasar wajen fara ce fat, ko da damina ciyawa ba ta fitowa. Da kaskon nan aka kai ni jami'a, kowa a layin ya sani.

Yana tsugune yana kallona ina taku. Ya ce, "Likita, fili za ki saya ne?" Na gaya masa ya fi sau ɗari kemistiri daban, likitanci daban, ya ce shi dai farar riga ya gani. Na ce motsa jiki nake yi. Ya ce, "Madalla. In kin gama ki motsa ki kawo min ruwa."

Na kawo masa, a kofin silba, daga randa. Na tsaya har ya shanye ya ce alhamdulillahi.

Litinin, 12 ga Mayu, 1:30 na rana

An ba Malam Bawa takardar tuhuma daga ofishin shugaban sashe, a kan sakaci da wankin kwalabe. Na same shi a gaban famfo da takardar a ninke a aljihun gaba, kanta ya leƙo. Dattijo ne, ya kusa sa'an Baba, kuma duk makarantar ba mai tsantseninsa. Ko cokalin shayinsa sau uku yake ɗaurayewa.

Na gaishe shi. Bai juyo ba ya ce, "Shekara ashirin da biyu ina kwanar da kwalba a cikin asid kafin in ba ɗalibi. An taɓa ce min mafaɗaci, an taɓa ce min mai rowar safar hannu. Ba a taɓa ce min ƙazami ba sai yau."

Na ce, "Allah ya ba da haƙuri, Malam."

Ya ce amin. Sannan ya juyo ya dube ni, dubawar da ta ɗan yi tsawo. Na ce ina da lacca. Ba ni da lacca.

Talata, 13 ga Mayu, 5:20 na yamma

Kulu ta sake tashi da ciwon ciki. 'Yar Yaya Hamisu ce, shekararta uku da rabi. Yaya yana hanyar Legas da tirela, sai ƙarshen wata, don haka Anti Ladidi matarsa ita kaɗai take fama. Da Kulu ce rediyon gidan nan. Tun daga zaure take ihun "Didda ta dawo!" Yanzu wata biyu ke nan sai dai ta bi ni da ido tana tsotsar yatsa. An yi maganin tsutsa, an yi na shawara, an yi tofi.

Na sayo jakar ruwan leda na kai ɗakin Anti, na ce a riƙa ba Kulu shi kaɗai. Ta ce, "Ai tafasa mata nake yi, Maijidda, har sai ya yi ta ɓararraka." Na ce duk da haka.

Baba ya gan ni da leda a baki a tsakar gida. Ya ce, "Randa a cike kina shan na roba? Boko ta sa kin fi ƙarfin ruwan uwarki ke nan?" Da wasa ya faɗa, har yana dariya. Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska, da ruwan dai.

Laraba, 14 ga Mayu, 12:10 na rana

Laburare. Na ɗauko littafin da ke magana a kan illar abin ga ƙananan yara. Na karanta shafi biyu na rufe.

Tafasawa ba ta korar shi. Ruwan ne yake tashi ya bar shi a tukunya, ya ƙara yawa. Na san haka tun aji ɗaya, na ma ci maki tara cikin goma a tambayar.

Alhamis, 15 ga Mayu, 3:50 na yamma

An gyara na'urar tace ruwa. Na haɗa sabuwar fanko da ruwan gaskiya, aka auna, ta nuna sifili kamar yarinyar kirki. Dakta Ismail ya tafa hannu ya ce, "Kin gani? Kwalba ce. Je ki rubuta babi na huɗu, sha biyu ga watan gobe za ki kare aikinki."

Shi ke nan, na fita. Ba wanda zai sake tambayata. In na yi shiru zan zama ta farko a gidanmu da ta sa hular nan mai kusurwa huɗu, Baba ya yanka rago. Me ya sa nake ji kamar yau aka kulle ni?

Ina haɗa jaka Malam Bawa ya zo ya ajiye wata ƙaramar kwalba a gabana, wankakkiya, da murfinta a leda. A hankali ya ce, "Abin da kika zuba a waccan, ki ciko min wannan da shi. Ban tambaye ki daga ina ba."

Na ce, "Malam, ni ban…"

Ya ce, "Na ce ban tambaye ki ba."

Asabar, 17 ga Mayu, 4:30 na yamma

Ruwan sama na farko mai ƙarfi. Yara suna ta tsalle a layi. Ni ina taga ina kallon yadda ramin bayan rumfa ya cika ya tumbatsa, wani siririn ruwa mai toka-toka ya ratso tsakar gida yana neman gangare. Gangaren gidanmu wajen rijiya yake. Shekara ashirin da uku ina gidan nan, sai yau na lura.

Da aka ɗauke na cika kwalbar Malam Bawa.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Na shirya maganar tun safe, har na gwada ta a gaban madubi. Na same shi a rumfa na ce, "Baba, akwai maganar da nake so mu yi a kan rijiya."

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Wa ya gaya miki? Na so in ba ku mamaki." Ya jawo wata takarda daga ƙarƙashin tabarma, zanen tanki ne da famfon sola. Ya ce shekara biyu yana shirin abin. Za a sa injin a rijiya, a ja bututu har Islamiyyar ƙarshen layi, yara ɗari biyu da wani abu su daina shan ruwan kwalbati. Mai famfo zai zo Asabar ɗin ƙarshen wata, a gama kafin Babbar Sallah.

Ya ce, "Ban yi wa Harira komai ba tana raye, Likita. Ko zoben zinariya ban taɓa saya mata ba. Wannan kaɗai nake iya aika mata." Sai ya goge ido da bakin riga ya ce hayaƙin kasko ne, alhali kaskon a kife yake. "To, mece ce maganar taki?"

Na ce igiyar guga ce ta tsufa.

Litinin, 19 ga Mayu, 6:05 na safe

Ashirin da shida. Allah ya kai lada kabarin Harira. Allah ya kai lada kabarin Harira.

Talata, 20 ga Mayu, 1:00 na rana

Babi na huɗu: na rubuta kanun, na ja masa layi.

Alhamis, 22 ga Mayu, 4:15 na yamma

Malam Bawa ya saka kwalbar a ƙarshen layi, bayan kowa ya watse. Ya duba allon na'ura, ya sake aunawa, ya sake. Ya rubuta a 'yar takarda ya miƙo min a ninke. Ta fi ta farko.

Ya ce, "Mutum nawa ke sha?"

Na ce, "Layi guda."

"Da yara?"

Na gyaɗa kai. Ya zauna a kujerar roba, shi da ban taɓa ganin ya zauna a lab ba. Na ce zan je in wanke shi a wajen shugaban sashe. Ya ce, "Bar ta takardata, 'yar nan. Wannan zan iya haɗiye ta, na haɗiyi waɗanda suka fi ta. Waccan ce ba ta haɗiyuwa." Na ce rijiyar mahaifina ce, sadaka ce ga mahaifiyata. Ya ce, "Innalillahi. To ba ni zan faɗa ba. Amma kullum kika kwana da ita, an sha."

Takardar tana cikin littafin nan, tsakanin shafin ƙarshe da bango. Ba na buɗe wajen.

Juma'a, 23 ga Mayu, 2:40 na rana

Mun kai Kulu asibiti, ta yi amai sau uku da safe. Likitar ta ce jininta ya yi ƙasa. Da Anti ta fita karɓo magani na matsa kusa na roƙi a auna wani abu a jinin, na faɗi sunansa da Turanci. Likitar ta ɗago ta dube ni ta ce, "Me ake yi a gidanku?" Na gaya mata. Ta ce su ba su da na'urar, sai an aika, zai kai kwana goma.

A napep Anti ta ce, "Me ya sa aka sake ɗibar jininta?" Na ce ƙa'ida ce. Ta gyara wa Kulu hula ta ce, "Maijidda, ni ban yi boko ba, amma ba jaka ba ce. Sati biyu ban ga kin kai kofin randa bakinki ba."

Na ce ciwon maƙogwaro nake yi. Har muka iso gida ba ta sake kallona ba.

Asabar, 24 ga Mayu, 5:45 na yamma

Na yi abin kunya yau, bari in rubuta don in riƙa tunawa da irin wayona.

Da sassafe na fita na ce na ga mushen mage a cikin rijiya. Nan da nan aka rufe. Iya Talatu ta dafe ƙirji ta juya da bokitinta, wasu suka nufi masu kurar ruwa. Awa shida cur ba wanda ya ja guga. Rabon da in yi numfashi irin na awa shidan nan tun takwas ga wata.

Sai Baba ya kira mai yasar rijiya. Mutumin ya shiga da igiya, ya fito da takalmi ƙafa ɗaya, da cokula biyu, da guga uku da aka daɗe da yafewa. Ba mage. Duk da haka aka kwarfe ruwa mai yawa, aka kira liman ya duba. Ya sa aka zubo masa a farin kwano, ya kalla, ya sansana, ya kurɓa. Ya ce, "Launinsa bai canza ba, ɗanɗanonsa bai canza ba, ƙamshinsa bai canza ba. Ruwa mai tsarki ne, ku ɗiba." Gaskiya ya faɗa, haka yake a littafi, ni ma haka aka koya min a Islamiyya. Abin nan ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari.

Kafin azahar layin bokiti ya kai bakin titi, saboda an yi rashin ruwa. Baba bai yi min faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Karatun nan ya fara taɓa miki ido, Likita. Ki riƙa hutawa."

Lahadi, 25 ga Mayu, 9:00 na safe

Talatin da ɗaya. Na daina ƙirgawa. Ƙarya nake yi, talatin da huɗu.

Litinin, 26 ga Mayu, 12:30 na rana

Na gaya wa Dakta Ismail. A tsaye na faɗa, ina kallon kalandar bayansa.

Ya yi faɗa sosai. Ya ce na zuba ruwan gora a fanko, na ɓoye, na bar dattijo ya sha zagi sati biyu. Ya ce dole maganar ta je kwamiti, kuma in manta da sha biyu ga wata, wataƙila ma in manta da bana. Ban yi kuka ba, na riga na ƙarar da shi a gida. Da ya gaji na ajiye masa takardar Malam Bawa a tebur. Ya buɗe. Ya cire tabarau, wannan karon bai goge ba.

Ya ce, "Wannan ruwan sha ne?"

Na ce e.

"An rufe?"

Na ce a'a.

"Mahaifinki ya sani?"

Na girgiza kai. Ya ce, "Wato ni ne mai sauƙin, shi ya sa kika fara da ni." Ya ɗauki waya ya kira shugaban sashe a gabana a kan a janye takardar Malam Bawa. Sannan ya ce in ban faɗa ba zuwa Juma'a, shi zai zo Rigasa da kansa, kuma ba shi kaɗai zai zo ba.

Laraba, 28 ga Mayu, 6:30 na yamma

An kawo bututu. Shuɗaye, guda goma sha takwas, an jera su a tsakar gida, sai an tsallaka ake shiga kicin. Baba yana ta shafa su yana nuna wa maƙwabta.

Kulu ta ci cokali huɗu na kunu. Da ruwan leda aka dama, na tsaya a kai.

Alhamis, 29 ga Mayu, 7:00 na safe

Ban je makaranta ba. Ba abin da zan auna.

Juma'a, 30 ga Mayu, bayan magariba

Bayan la'asar na same shi a rumfa yana ƙara wa wani batir ruwa daga farar jarkarsa, wadda ba ya bari kowa ya taɓa. Ban shirya komai ba wannan karon. Na tsuguna na ce, "Baba, me ya sa kake sayen wannan ruwan? Ga rijiya taku goma."

Ya yi dariya. "Ke ce mai karatun, ni za ki tambaya? Ruwan rijiya yana kashe batir."

Na ce, "Ai garau yake."

Ya ce, "Garau a ido. Akwai abin da ido ba ya gani a ciki, shi yake cin farantin cikin batir. Sai tatacce."

Tatacce. Jarka guda a gidanmu tun ina rarrafe. Da ita na ɗiba ranar Talatar nan, da fanko ta nuna sifili, da yanzu ina gwada rigar bikin yaye ɗalibai, da gobe an ja bututu.

Na ɗauki allin da yake rubuta wa batura lamba. Baba ba ya karanta boko, amma lamba ba ta ɓace masa. A jikin wani mataccen batir na rubuta 10, na ce wannan ce iyakar dalmar da aka yarda a samu a ruwan sha. A ƙarƙashi na rubuta 230. Na ce wannan ta rijiyarmu ce.

Ga ta nan, na rubuta ta.

Ya dubi lambobin. Ya dubi ramin. Ya dubi rijiya. Na ga bakinsa yana motsi, taku yake ƙirgawa da ido. Bai ce ƙarya nake yi ba, bai ce boko ba. Da ya ce, da ya fi min sauƙi.

Ya ce, "Kulu?"

Na ce ana aunawa, sai Talata. Na gaya masa komai, har magen, har kwamiti, har cewa wataƙila ba bana ba. Bai ko ji wannan ɓangaren ba, ina jin. Ya ajiye jarkar a hankali kamar za ta fashe.

Ya ce, "Likita, ke da kika yi karatu. Shekara tara ana cewa Allah ya kai mata lada. Abin da na riƙa aika mata ke nan? Wanda aka rubuta mata, gogewa za a yi?"

Shekara huɗu, ba a koya min wannan ba. Na ce ban sani ba, Baba. Aka kira magariba, ya tashi ya ɗauki buta, ya tsaya da ita a hannu a bakin randa ya daɗe. Na ce masa alwala ba komai, sha ne matsalar. Ya ce to.

Asabar, 31 ga Mayu, 8:20 na safe

Murfin bai yi ƙara ba yau.

Da na leƙa taga, Baba ya dawo daga masallaci ya zauna a kan murfin rijiyar, da farar rigarsa ta Juma'a, ya sa mata kwaɗon rumfarsa. Rumfar kuma a buɗe, kaskon a waje a kife. Na fita na ce ya bari ni in yi musu bayani, ni na san lambobin. Ya ce, "Ke kika gano. Ni na zuba."

Duk wadda ta zo sai ya gaya mata da bakinsa. Bai ce mage ba, bai ce gyara ba. Cewa yake, "Akwai dalma a ruwan, daga aikina ta shiga. Kada a sake sha, wanda ke gida a zubar, a kai yara asibiti a faɗi haka. Ku yafe min." Wata ta yi salati. Wata ta zage shi, ta ce ɗanta shekara biyu yana ciwo, bai ɗago kai ba har ta gama. Anti Ladidi tana bakin ƙofa da Kulu a baya, ta ji komai. Ta dube ni sau ɗaya ta koma ciki, har yanzu ba ta yi min magana ba, kuma tana da gaskiya. Mai famfo ya zo da kayansa a napep, ya tsaya ya saurara, ya juya.

Iya Talatu yau ta makara, ita da ba a taɓa riga ta ba. Ta zo tana jan ƙafa da bokitinta na ƙarfe. Kunnenta ya yi nauyi, sai da Baba ya maimaita sau biyu da ƙarfi, har na ƙarshen layi suka sake ji. Shekara tara da ruwan nan take dama kokon da rabin layi ke karyawa da shi. Na matsa kusa da Baba, don na san bakinta.

Ta tsaya tana kallonsa. Ta kalli kwaɗon. Sannan ta naɗa gammonta, ta ɗora bokitin a ka yadda ta saba, fanko, ba ko ɗigo a ciki. Ta ce, "Ka kyauta da ka faɗa, Mamman. Allah ya kai lada kabarin Harira."

Baba ya buɗe baki zai amsa, murya ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, ta ƙi.

Ni na ce amin.